Kofur Mai Raba Ƙafa

Tun ban rufe baki ba na hango Alhaji ya taɓe nasa. Taɓe da kyau, ranka ya daɗe, amma ka bari in kai aya. Abin da na ce kawai shi ne, akwai wani tsohon soja a Amurka da ya tuɓe kaki, ya fito neman kujerar Majalisar Wakilai ta ƙasa, ya ce shi mai matsakaicin ra'ayi ne. Ban ce waliyyi ba ne, ban kuma ce wani ya ba shi 'yarsa ba.

Na san hujjarku, na sha jin ta a teburin mai shayi. Kun ce mutumin da aka yi shekaru ana daka wa tsawa da "hagu, dama, hagu, dama", a ina zai san akwai wata hanya a tsakiya? Kun ce soja umarni ya sani, ko ya bayar ko ya karɓa, kuma in ka gan shi da babbar riga to kakin na nan a ƙarƙashi. Malam mai rediyo, wanda ko sallar asuba ba ta raba shi da labaran safe, ya ƙara da cewa "matsakaici" sunan ado ne da ake ba mai raba ƙafa, irin mai cin tuwon gidan amarya ya zagaya ya ci na gidan uwargida. Ban ga laifinku ba, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Mutanen Najeriya sun ga janar-janar sun dawo musu da farar hula, Obasanjo a 1999, Buhari a 2015, ga David Mark da ya shekara takwas yana riƙe da gudumar Majalisar Dattawa. 'Yan'uwanmu na Nijar kuma sun ga Kanar Tandja Mamadou, ɗan Maine-Soroa, ya ci zaɓe salin-alin a 1999, bayan shekara goma aka wayi gari da tazarce.

To ga abin dariya, nawa mutumin ma ɗan Maine ne. Mutanen Diffa ku zauna, ba taku ba. Wannan wata jiha ce can ƙuryar arewa maso gabashin Amurka, jingine da Kanada, masu ita ma "Men" suke kiranta. Daji ne da ƙanƙara da bakin teku. Sunan mutumin Jared Golden, an haife shi a 1982. Kafin Alhaji ya fara ƙirga masa taurari a kafaɗa, bari in sauke shi: kofur ne, mai igiya biyu. Mu a nan in an ce tsohon soja ya shiga siyasa, janar ake nufi, mai gona da gidaje da yaran da ke rige-rigen buɗe masa ƙofar mota. Kofur mai ritaya kuwa kun san inda kuke gamuwa da shi, ko bakin ƙofar banki da kulki, ko kan layin fansho.

Shekara ɗaya ya yi a jami'a ya ajiye biro. A 2002, ana cikin zafin harin 11 ga Satumba, ya shiga rundunar sojan kundumbala ta Amurka. Aka kai shi Afganistan a 2004, aka kai shi Iraƙi a 2005 zuwa 2006. Ya dawo gida da gaɓoɓinsa cikakku, amma da ciwon da ido ba ya gani, firgicin nan da ke bin wanda ya ga yaƙi har cikin barci, kuma shi da bakinsa ya sha faɗin haka a bainar jama'a. Ya taɓa aiki a shagon gasa fiza. Daga baya ya koma karatu a Kwalejin Bates da ke garin Lewiston, ya gama a 2011. Sai ya tafi Washington ya yi aiki a ƙarƙashin Sanata Susan Collins, 'yar jam'iyyar Rifablikan. A 2014 kuma ya ci kujerar majalisar jiharsu, amma a inuwar Demokrat. Na ji ka, Malam. E, tun daga nan jemagen ya fara fiffike. Riƙe maganarka, za ta yi maka amfani nan gaba.

A 2018 jam'iyyar Demokrat na cikin tsaka mai wuya. Trump na kan mulki, Majalisar Wakilai mai kujeru 435 na hannun Rifablikan, kuma duk shekara biyu ake sake zaɓen kujerun nan gaba ɗaya. Kujerun manyan birane nasu ne tun fil azal. Matsalar tana karkara, wajen masu aikin ƙarfi da mafarauta da manoma, waɗanda suke yi wa Demokrat kallon jam'iyyar 'yan boko masu ɗaga hanci. Yaya za ka yi sallama a irin wannan gida a amsa maka? Sai suka shiga neman mutanen da suka taɓa sa kaki. Conor Lamb, shi ma tsohon sojan kundumbala, ya ci zaɓen cike gurbi a Pennsylvania a watan Maris na shekarar, da ratar ƙuri'a 'yan ɗaruruwa, a mazaɓar da Trump ya yi wa cin kaca. Mikie Sherrill, wadda ta tuƙa jirgi mai saukar ungulu a rundunar ruwa, ta ci tata kujerar a New Jersey. Kakin ya yi daraja ne saboda ya yi ƙaranci. Wajen ƙarshen shekarun 1960 kusan uku cikin kowane 'yan majalisa huɗu sun taɓa aikin soja. Tun da aka daina ɗaukar soja na dole a 1973 adadin yake ta raguwa, yanzu bai kai ɗaya cikin biyar ba.

"Ka gani ko? Talla ce!" In ji Alhaji, har da buga cinya. Talla ce mana, wa ya musa? Wane ɗan takara ne ba talla yake yi ba, har da wanda ya raba muku atamfa da taliya kuka yi masa kabbara? Sai dai tallar kaki ba kullum take ciniki ba. Amy McGrath matuƙiyar jirgin yaƙi ce, laftanar kanar, ta fi Golden igiya nesa ba kusa ba. Ta faɗi a Kentucky a 2018. Ta sake fitowa neman kujerar sanata a 2020, aka tara mata dala miliyan kusan casa'in, Mitch McConnell ya kayar da ita da tazarar kusan kashi 20 cikin ɗari. Kaki yana sa a amsa maka sallama, a shimfiɗa maka tabarma a zaure. Daga nan sai a ji abin da ka zo da shi.

Mazaɓar da kofur ya nema ita ce ta biyu a jihar Maine, kuma wajen faɗin ƙasa babu kamarta a duk gabashin kogin Mississippi. Trump ya cinye ta a 2016 da ratar kusan kashi 10. Mai riƙe da kujerar, Bruce Poliquin, ɗan Rifablikan ne, kuma rabon da a kayar da mai ci a wannan mazaɓa tun 1916. Daren zaɓe aka ƙirga, Poliquin na gaba da ƙuri'a dubu biyu da 'yan kai. Bayan kwana tara aka ce Golden ya ci.

Zauna, Alhaji, zauna. Kar ka zubar da shayin. Na san kalmar da ke kan harshenka, kuma ba maguɗi ba ne. Mutanen Maine sun yi ƙuri'ar raba gardama a 2016, suka ɗauki wani tsarin zaɓe na jeri. Maimakon ka dangwala wa mutum ɗaya ka tafi, jera su kake yi: wane ne na farko a wurina, in bai samu ba to wane, in shi ma bai samu ba wane. Ku da kuka yi zarya gidajen 'yan mata uku kafin a ba ku ɗaya, bai kamata wannan ya ba ku wuya ba. In babu wanda ya haura rabin ƙuri'u, sai a cire na ƙarshe, a duba wa magoya bayansa suka sa a layi na biyu, a miƙa masa. 'Yan takara huɗu ne a wannan karon, biyu ba su da jam'iyya. Da aka cire su aka raba ƙuri'unsu, kaso mafi tsoka ya faɗa wa Golden, ya wuce da ƙuri'a wajen dubu uku da ɗari biyar. Poliquin ya yi abin da Alhaji zai yi, ya garzaya kotun tarayya. Alƙalin da ya saurari ƙarar, Trump ne ya naɗa shi bai daɗe ba, ya kori ƙarar.

Ku lura da abin da tsarin nan yake yi wa mai zafin baki. In kana buƙatar mutanen abokin hamayyarka su sa ka a layi na biyu, ba za ka hau mumbari ka zagi iyayensu ba. Tsari ne da yake biyan mai sanyin harshe lada, kuma da shi kofur ya shiga Washington.

Yanzu mu zo kan zargin Malam mai rediyo, na raba ƙafa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A Abuja galibi da murya ake yanke magana, masu "e" su yi ihu, masu "a'a" su yi ihu, guduma ta sauka, gobe kowa ya rantse maka shi yana bayan talaka. A Majalisar Wakilan Amurka manyan ƙudurori da kati ake kaɗa musu ƙuri'a, sunanka ya fito a allo, ya zauna a kundi har jikokinka su gani. To ga abin da kundin ya ce.

Ranar farko da ya shiga, a Janairun 2019, ya ƙi zaɓar Nancy Pelosi, jagorar jam'iyyarsa a majalisar, a matsayin Kakakin Majalisa. Ya maimaita a 2021. A watan Disambar 2019 aka kawo tuhuma biyu don tsige Trump. Kofur ya ce "e" a ta farko, ta amfani da mulki ba bisa ƙa'ida ba, ya ce "a'a" a ta biyu, ta yi wa majalisa katsalandan a bincike. Shi kaɗai ya raba ƙuri'arsa haka a duk zauren. Yi dariyarka, Malam, wannan kam ka ci, ƙafa ɗaya a nan ɗaya a can. Amma ka tambayi kanka wa ya gode masa. 'Yan Trump sun ce ya ci amanar mazaɓa. 'Yan jam'iyyarsa sun ce matsoraci ne. Stephen King, shahararren marubucin nan ɗan jihar, ya fito fili ya ce zai yi iya ƙoƙarinsa ya ga an kayar da shi. Mai raba ƙafa na gaskiya don ya ci tuwon gida biyu yake yi. Wannan gida biyun duka suka bi shi da muciya.

A farkon 2021 Biden ya kawo shirin tallafin korona na dala tiriliyan 1.9. A ƙuri'ar ƙarshe, a watan Maris, duk 'yan Demokrat suka amince, sai mutum ɗaya. Kun san ko wane ne. Ya ce bashi ne za a ciyo a watsa ba tare da an tantance mabuƙata ba. A Nuwambar wannan shekarar aka kawo wani babban shirin na Biden, na kula da yara da lafiya da sauyin yanayi. Aka tashi 220 da 213, kuma ɗan Demokrat ɗaya tak da ya tsallaka cikin masu "a'a" shi ne dai kofur. Dalilinsa a wannan karon ba irin na 'yan Rifablikan ba ne: cewa ya yi an cusa wani rangwamen haraji a ciki wanda attajirai za su fi kowa morewa. A gefe guda kuma, in maganar ƙungiyoyin ƙwadago ta taso yana sahun gaba, haka in an taɓa masuntan jiharsa masu kamun lobsta, wani ƙaton jatan lande da suke tinƙaho da shi kamar yadda Argungu take yi da kifinta.

Hajiya ta ɗaga hannu daga bayan labule, tana tambaya yaya aka yi jam'iyya ba ta kore shi ba. Tambaya mai kyau, Hajiya, ta fi ta mazan. Da a nan ne, tun ƙuri'a ta biyu shugaban jam'iyya na gunduma zai kira 'yan jarida ya ce an dakatar da shi saboda zagon ƙasa. A can tikiti ba a aljihun gwamna yake ba, ba kuma a ɗakin otal ake rubuta shi da tsakar dare ba. Masu ƙuri'a ne suke fitowa zaɓen fid da gwani. Sannan shugabannin Demokrat sun iya lissafi: gara ɗan majalisa mai yi maka gardama sau goma ya bi ka sau casa'in, da a ba ɗan Rifablikan kujerar ya ƙi ka sau ɗari.

Nan ne zan ba ku gaskiyarku, kada ku ce na zama maroƙinsa. Shi ma kofur ya iya lissafi. Mutumin da mazaɓarsa ta zaɓi Trump sau uku a jere, a 2016 da 2020 da 2024, ya san cewa duk "a'a" da ya yi wa Biden ƙuri'a ce a akwatinsa. Akwai ranakun da ni kaina na kasa bambance inda aƙida ta tsaya da inda neman tsira ya fara. A Yulin 2024 ma, bayan Biden ya yi ta inda-inda a muhawararsa da Trump, Golden ya rubuta a jaridar Bangor Daily News cewa Trump ne zai ci, kuma shi wannan bai tayar masa da hankali ba. 'Yan jam'iyyarsa kamar su cinye shi ɗanye. Hasashen dai ya tabbata, amma ni ban ga jarumta a ciki ba, na ga mutum ne da ya leƙa sama ya ga hadari ya kwashe shanyarsa.

Amma akwai rana ɗaya da lissafin bai yi aiki ba, kuma saboda ita na ɗauko wannan labari. Ku ajiye kofunan.

Maine ƙasar mafarauta ce, bindiga a wurinsu kamar fartanya ce a wurinmu. Golden ya daɗe yana tare da su a kan wannan. A Yulin 2022 aka kawo ƙudurin hana sayar da bindigogi masu sarrafa kansu irin na yaƙi, yana cikin 'yan Demokrat biyar da suka ƙi. Ranar 25 ga Oktoban 2023, wani sojan ko-ta-kwana ya shiga wurin wasa da wani gidan cin abinci a Lewiston, ya buɗe wuta, ya kashe mutum 18. Lewiston garin da aka haifi Golden ne, nan ya yi karatu, nan ya wakilta a majalisar jiha. Washegari ya tsaya gaban 'yan jarida ya ce ya yi kuskure. Ya ce ya ɗauka irin wannan masifa ba za ta zo garinsu ba, ya ce daga yau yana goyon bayan hana irin waɗannan bindigogi, ya roƙi mutanen garin da iyalan mamatan su yafe masa.

Alhaji, kai da ka shekara fiye da arba'in kana zaɓe, tun zamanin NPN da PRP, faɗa mini sau nawa ka ga ɗan majalisa ya tsaya ya ce "na yi kuskure, ku yafe mini", ba a kan gadon asibiti ba, ba kuma ana gobe zaɓe ba? Ina jira. Kurɓi shayin, ina jira. Kuma ka sani wannan magana ba ta da riba ko ta sisin kwabo a mazaɓarsa. Masu bindiga su ne ƙuri'un da yake jingina da su, ya san za su juya masa baya, kuma da yawa sun juya. A zaɓen 2024 ya kara da Austin Theriault, tsohon direban tseren motoci. Trump ya lashe mazaɓar da rata mai faɗi, kofur kuma ya sha da ƙyar, da tazarar da ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Sai da aka yi kwanaki ana ƙirga.

Malam zai ce to ai da ya yi tun farko, da ba a jira gawa 18 ba. Haka ne, kuma wannan tabo ba zai goge ba. Mutanen wasu garuruwa sun binne 'ya'yansu shekaru kafin nan, bai motsa ba sai da wutar ta kama gemunsa. Ni dai ban ce muku ya fi kowa ba. Cewa na yi mutumin da kuka kira jemage ya sauka a reshe ɗaya ranar da sauka take da tsada.

Saura zarginku na ƙarshe, wanda kuka fi ji da shi, wai soja in ya ɗanɗani kujera sai dai a ɗauke shi da ita. A watan Maris na 2025 ya sake zama ɗan Demokrat ɗaya tilo da ya bi 'yan Rifablikan a ƙudurin kasafin wucin gadi, masu zafin ra'ayi na jam'iyyarsa suka fara shirin tsayar masa da kishiya a zaɓen fid da gwani. A Nuwambar 2025, yana da shekara 43, bayan ya ci zaɓe huɗu a jere a mazaɓar Trump, ya rubuta cewa ba zai sake tsayawa ba. Ya ce ya gaji da rashin mutunci da ƙiyayyar da suka cika siyasar ƙasar, ga barazanar da ake yi wa gidansa da iyalinsa. Mutumin da ya je Afganistan da Iraƙi ya dawo, siyasar Washington ce ta sa ya ce a kai kasuwa. Ku fassara wannan yadda kuka ga dama. Masu cewa ya hango faɗuwa ne ya gudu, suna da abin kamawa. Masu cewa tsakiyar ce ta ƙuntace har ba ta ɗaukar ko kofur ɗaya, ina tare da su.

Wa'adinsa zai cika a Janairun 2027. Babu tazarce, babu gyaran tsarin mulki, babu tawagar sarakuna da ta je roƙonsa ya zarce don ci gaban ayyukan alheri. Alhaji, kai ka ce soja ba ya sauka da ƙafarsa, kuma a gaban shaidu ka faɗa. Mai shayi, na yau a rubuta a littafinsa, har da ƙwai biyu.